Shekarar da Na Hana Dubiya

Masana tarihi sun ɓata takarda mai yawa wajen bayanin abin da ke rushe dauloli. Wasu sun ce takobi ne, wasu sun ce fari, wasu kuma sun ɗora laifin a kan 'ya'yan sarki da ba sa ga maciji da juna. Na karanta abin da ya sawwaƙa daga cikinsu, na kuma koyar da shi ga yaran da ba su roƙe ni ba, amma har yau ban ci karo da wanda ya ambaci buta ba. Wannan babban giɓi ne a fagen ilimi. Ni da idona na ga hukuma sukutum, mai gadaje da hatimi da lasisi rataye a bango, tana tangal-tangal saboda buta da tabarma da ramin soket.

Hukumar da nake nufi asibitin ƙanena ne, autanmu. Likita ne. Bayan ya yi wa gwamnati aiki har ya gaji, sai ya kama hayar wani gida a unguwar Yindiski, ya rushe bangon da ya raba falo da ɗakin maigida, ya jera gadaje, ya ɗauki wata ungozoma 'yar Filato da kowa ke kira Sista, ya buɗe ƙofa. Ni kuwa a lokacin na ajiye alli, bayan na ƙarar da ƙuruciyata a wata makaranta ta hanyar Mamudo. Aikina ya zama zaman ƙofar gida da gyara wa masu karanta labarai a rediyo Hausarsu, ba tare da sun sani ba.

A aikin likita Auta ba shi da makusa. Yana sauraron mara lafiya kamar shi kaɗai ne a duniya, hannunsa kuma na da sanyi. Amma in aka zo maganar shige da ficen kuɗi, to, ya yi imani cewa suna shigowa ta ƙofar gaba ne su fita ta baya, kuma rashin ladabi ne mutum ya tsaya a tsakiya yana tambayarsu ina za su.

Wata rana a farkon bazara, bayan la'asar, ya same ni a ƙofar gida. Ya zauna a gefen tabarma bai cire takalmi ba, na san da magana.

"Yaya, ni fa na gaji," ya ce. "Mutane na zuwa, gadaje cike, amma ƙarshen wata sai in cire daga aljihuna in biya Sista. Akwai masu ɗaukar likitoci zuwa Saudiyya, na ba su takarduna. In aka gama kaka asibitin nan bai riƙe kansa ba, rufewa zan yi in tafi."

"Inna fa?" na ce.

Ya kau da kai. Ya tsaya yana kallon wata akuya da ke cin kwali.

Innarmu tana da hawan jini, ga suga. Ba ta shan ƙwaya sai daga tafin hannun Auta. In ya yi tafiya, ko ta Damaturu ce, sai ta tara maganin a gefen gado ta ce ya jira mai shi. Duk gidan mun san ma'anar tafiyarsa wata ƙasa, ba wanda ya furta.

Labarin ya kai mata kafin magariba. Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye sai da larura. In tana da saƙo gare ni, bango take gaya wa. Ran nan na shiga gaishe ta, ta dubi bango ta ce, "Wasu dai an kai su boko tun ana ɗaukar su a kafaɗa. Ga shi ƙanensu zai bar gari saboda lissafi, suna zaune suna faɗa da rediyo."

Kashegari na sa babbar riga na kama aiki. Sista ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba Manaja, sannu da zuwa. Kujera dai babu, sai dai ka zauna a ta awo." Haka na fara mulki a kan kujerar awon jini.

Na shiga da kyakkyawan zaton cewa zan kama ɓarawo. Duk wanda ya riƙe kuɗin makaranta ya san cewa a ƙarshen kowace matsala akwai mutum mai sabon babur. Na bincika ɗakin magani, na bincika katin marasa lafiya, na sa ido a kan kowa har da mai shara. Ban samu kowa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ɓarawo abu ne mai sauƙin sha'ani: ka kore shi, ka huta. Magani na kawo 'yar riba. Haihuwa na kawowa. Kati na kawowa. Amma duk abin da ya shigo, abubuwa uku ke lashe shi: man janareta, ruwan 'yan ga-ruwa, da motar da ke zuwa yashe masai, wadda direbanta ya saba da mu har yana tambayar jikin Inna.

Sai na daina duba takarda na koma duba tsakar gida.

Janareta dole ne. Akwai firjin allurai da ba ya son zafi, akwai injin iskar numfashi, wutar gari kuwa baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta sallama in za ta tafi. Amma na lura cewa da zarar janareta ya yi tari ya tashi, sai son zumunci ya motsa a zukatan unguwa. Mutum zai shigo da sallama, ya tsaya a kan mara lafiya ya ce, "Sannu, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne," idonsa kuwa na yawo a gindin bango. Kafin a amsa masa ya durƙusa ya soka caja. Daga nan ba zai tafi ba sai waya ta cika, domin barin mara lafiya da wuri rashin tausayi ne. Na ga fitilar caji, na ga rediyo, na ga 'yar fankar hannu. Na taɓa samun wani bawan Allah a bayan ɗakin haihuwa yana yi wa ɗan'uwansa aski da injin aski, ya kuma gaishe ni da fara'a.

Wannan na unguwa ke nan. Na nesa su ne masu nauyi. Mace ɗaya in ta haihu, rabin garin Gadaka sai ya sauka a ƙofarmu cikin a-kori-kura, da filas-filas na kunu da kwanonin tuwo da jarirai a baya. Za su shimfiɗa tabarmi, su ci, su wanke kwanoni, su wanke jarirai, su yi alwala, su zaga. Kowace zagawa buta guda ce, wani lokacin biyu, in mutum mai tsantseni ne. Mai kurar ruwa ya daina zuwa ko'ina, mu kaɗai muka ishe shi, har ya sake wa kurar fenti.

Sai kuma aka kwantar da wani Alhaji. Dillalin shanu ne a kara, ƙato, mai murya kamar yana ciniki da wanda ke ƙetaren kwalta. Suga ne ya hana wani gyambo a ƙafarsa warkewa, Auta ya ce sai ya kwanta an riƙa wankewa kullum. Ranar kasuwa ta farko bayan kwanciyarsa, kara ta tashi ta dawo wurinmu. Fulani da sandunansu, 'yan kamasho, direbobin tirela masu kai shanu kudu, mahauta. Ana Fulatanci, ana Barbarci, ana Karekare, ana Hausa iri-iri. Na ji da kunnena an sayar da bijimi a bakin gadonsa, an tafa, yana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu yana cewa, "Albarka dai, ƙara kaɗan." Ran nan sau uku aka cika mana tanki.

Da yamma na kira Auta na gabatar masa da sakamakon bincikena cikin natsuwa.

"Marasa lafiya ba su ne matsalarka ba," na ce. "Masu lafiya ne. Asibitin nan ciyar da lafiyayyu yake yi, marasa lafiya na biyan kuɗin."

"To ya za a yi da su, Yaya? Dubiya ce."

"Ka bar ni da su. Na riƙe aji mai yara fiye da kujeru."

Maganin kowace hayaniya, a iya sanina, jadawali ne. Na sa aka rubuta a ƙofa da jan fenti cewa dubiya daga bayan la'asar ce zuwa kiran magariba, mutum biyu-biyu, mai jinya ɗaya tak ke kwana. Na liƙe bakin kowane soket da salatif in ban da na firji da na injin numfashi. Na rage butoci, na naɗe tabarmi na kulle a sito. Sannan na je gida na buɗe akwatina na ɗauko ƙararrawar hannu da aka ba ni kyauta ranar da na yi ritaya, ta tagulla, mai mariƙin katako. In lokaci ya yi in kaɗa a shiga, in ya cika in kaɗa a fita.

Sista ta tsaya ta karanta rubutun ƙofa har ƙarshe. "Baba Manaja," ta ce, "saura ka ce su zo da yunifom."

Ban kula ta ba. Duk mai kawo gyara ya gamu da irin wannan.

Tsarin ya yi aiki, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Mai kurar ruwa ya koma zagaya gari kamar sauran 'yan'uwansa. Jarkar mai ta fara kai mu inda ba ta taɓa kai mu ba. Direban motar yashe masai ya biyo wata rana don kansa, ya tambaya ko lafiya. Tsakar gida ta yi tsit, har ana jin kukan kurciya a kan darbejiya. Nakan zagaya hannuwana a baya, kamar lokacin jarrabawa, ina jin daɗin da ban ji ba tun da na bar makaranta.

An ɗan samu ƙorafi. Wata rana da hantsi wani dattijo ya sauko daga mota, daga Gadaka, da zabi biyu a hannu, ya ce ya zo duba surukinsa. Na nuna masa rubutun ƙofa. Ya ce ba ya karatun boko. Na karanta masa. Ya ce motar komawa ba ta kaiwa la'asar. Na ce doka ba ta san mota ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, a barikin soja ma na taɓa duba mutum." Ya juya da zabinsa. Kafin azahar 'ya'yan surukin suka zo suka ɗauke ubansu, da sauran allurai uku a kansa.

Alhaji ya daure kwana kaɗan. Ranar kasuwa ta zagayo, mutanensa suka yi layi a waje, ina shigar da su biyu-biyu. Ana tsakiyar wata magana mai muhimmanci a kan wata karsana na kaɗa ƙararrawa. Ya tashi zaune.

"Malam! Wai ni fursuna ne?"

"Mara lafiya ne kai, Alhaji. Hutu ake so ka samu."

"Hutu? Tun da aka haife ni ban taɓa kwana ɗaki shiru ba sai nan. Jiya har na fara tunanin mutuwa. Da can ina na ga lokacinta? Kai, ku kira mini Likita ya cire mini wannan igiyar."

Auta ya roƙe shi, ya ƙi. Aka ɗauke shi a bayan mota, ƙafar na naɗe da bandeji, yana ta gaisawa da mutane ta taga kamar wanda ya dawo daga Makka.

Damina ta sauka, lokacin da zazzaɓin sauro ke cika kowane asibiti har a kwantar da mutane a baranda. Mu kuwa gadajenmu a gyare, zannuwa a miƙe. A gari, in mutum ya ce zai kawo nasa wurinmu, sai a ce, "Can inda ake kaɗa wa mutane ƙararrawa?" 'Yan kaɗan da suka zo kuma, sai wani sabon abu ya ɓullo: ranar sallama ba sa iya biya. Mutanen kirki, waɗanda da ba a taɓa jin kansu ba, sai ka ga magidanci na murza hula yana cewa a yi masa haƙuri zuwa kaka. Na ɗauka tsadar rayuwa ce. Na rubuta wa Auta bayani mai shafi biyu a kan tsadar rayuwa. Ya karanta a tsaye, ya ce, "Yaya, kashe kuɗi ya ragu, gaskiya ne. Shigowarsu ma ta ragu, ta ma fi raguwa." Ya tafi ya zauna a ofis yana duba wayarsa. Duk lokacin da na ga yana duba waya sai in ji kamar jirgi ne ke ɗumama inji.

Ana cikin haka wani tsohon abokin aikina, malamin lissafi, ya kwanta a wani asibitin kuɗi da ke can cikin gari. Na je dubiya. Na tarar da wurin kamar tashar mota, tabarmi har bakin ƙofa, na tsallake ƙafafu ina jin tausayin mai asibitin. Na gaishe da abokina, muka yi zancen fansho, muka zagi wanda ya kamata. Da na tashi tafiya sai na yi abin da nake yi tun ina saurayi, abin da ubana ya yi, abin da ba wanda ya taɓa koya mini: na sa hannu a aljihu, na dunƙule 'yar takarda, na tura ƙarƙashin filonsa ina cewa, "Ga wannan a sayi lemo."

Hannuna bai samu wurin shiga ba. Ƙarƙashin filon a cike yake.

"Tura ta gefe," in ji shi, ko kunya babu. "Can tsakiya 'yan ajinmu sun cika. Da shi zan biya kuɗin asibiti gobe, in Allah ya kai mu."

Na fito na tsaya a bakin titi. Mai Keke Napep ya tsaya, na ce ya wuce. Na karanta yadda Turawa ke tara kuɗi a asusu tun suna lafiya don ranar ciwo, na ma taɓa yi wa ɗalibai bayaninsa a allo, da zane, ina nuna takaicin cewa mu ba mu da irinsa. Ashe namu asusun da ƙafarsa yake zuwa. Yana shan ruwa, yana zagawa, yana cajin waya, sannan ya tura hannu ƙarƙashin filo. Dattijon nan mai zabi reshe ne na banki, na mayar da shi daga ƙofa saboda ya zo da hantsi.

Ina so a lura cewa lissafina na ruwa da mai daidai yake. Har gobe ban ga wanda ya nuna mini kuskure a ciki ba.

Da safe na sa aka shafe rubutun ƙofa da farin fenti, na ɓare salatif, na fito da tabarmi, na sayo butoci sababbi masu launi. Na mayar da ƙararrawa akwati. Na zauna ina jira. Ba wanda ya zo. Labarin hani ya zaga gari cikin yini guda, labarin janye shi kuwa ya ƙi fita daga ƙofa. Ba kuma zai yiwu in hau mota da lasifika ina shelar cewa a dawo a sha mana ruwa ba. Gero ya fara fitar da kai. Sista ta fara tambayar Auta, cikin ladabi, ko zai rubuta mata takardar shaida in ta tashi neman wani aikin.

Na shiga wurin Inna na zauna, na yi wa bango bayanin komai, tun daga buta har filo. Ta saurara tana jan carbi. Da na gama ta ce wa bangon, "Jikin nan nawa tun jiya ba na jin daɗinsa."

Na aika aka kira Auta da gudu. Ya auna jini, ya auna suga, ya sake aunawa. "Inna, ai yau kin fi ni lafiya."

"Kai ne a cikin jikin ko ni? Gado nake so. Na bakin taga."

"Inna, gadon asibiti ba wurin—"

"Auta, na ɗauke ka wata tara ban nemi takarda ba. A ɗauko mini bargona da butata."

Haka aka kwantar da mahaifiyar Likita a asibitin Likita. Wanda ya san garin nan ya san abin da wannan ke nufi. Ba dangi, ba surukai, ba maƙwabta, ba wanda Auta ya taɓa yi wa allura kyauta, da zai yarda a ce Inna ta kwanta bai zo ba. Na farko sun zo a ɗarare, bayan la'asar, biyu-biyu, suna waiwayen hannuna. Suka tarar da ni a bakin ƙofa ina miƙa tabarma ina cewa, "Bismilla, ku shiga duka, ga soket can." Wata tsohuwa ƙawar Inna ta tsaya ta leƙa bayana.

"Ina abar?"

"Wace aba, Iya?"

"Abar kaɗawa. Jikokina na kawo su gani."

Kashegari mutanen suka ninka. Inna na kishingiɗe a bakin taga, ta yafa mayafi, in an ce ya jiki sai ta lumshe ido ta ce, "Da sauƙi dai," da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. In ɗaki ya yi sauƙi kuma ta tashi zaune ta ci dambun nama. Sista ta rataya mata robar ƙarin ruwa a ƙarfe don kwalliya, ba a haɗa da komai ba. Har Alhaji ya zo, yana ɗingishi, da rabin kara a bayansa. Ya gaishe da Inna, ya dube ni ya ce, "Malam, an ce ka tuba." Na ce gyara tsari aka yi. Auta ya ce tunda ya zo bari a ga ƙafar. Da aka kwance bandejin, Alhaji da kansa ya kau da kai, ya ce a ba shi gadonsa na da.

Cikin masu dubiyar Inna, wannan ya ce tunda ya zo a auna masa jini, waccan ta ce yaron nan jikinsa da zafi tun shekaranjiya. Kafin Inna ta yarda ta warke, baranda ta cika.

Ranar da za ta koma gida na ga tana ɗaure wani ƙullin zane mai nauyi da ta ciro daga ƙarƙashin filo. Na matsa, na yi gyaran murya, na gaya wa bango cewa asibiti na da buƙatar farantin sola ko guda ɗaya ne, don a ɗauke wa janareta nauyin wayoyi.

Inna ta ce wa bango, "Wanda ya yi ciwon shi ke da kuɗin lemo."

Tunkiya ta saya.

Solar dai sai da na sayar da babur ɗina na sa. Na kafa rumfa a gindin darbejiya, na jawo soket-soket can waje, na ajiye randuna biyu. Na ba wata mai ƙosai da wani mai shayi wuri a bakin rumfar, da sharaɗin su ne za su riƙa biyan mai kurar ruwa. Direban motar yashe masai ya dawo bakin aikinsa, muka yi ciniki na shekara, ya rage mini wani abu saboda sabo. Hayaniya ta dawo fiye da da. Wani lokaci in ina wucewa in ga baƙo ya miƙe zai tafi bai matsa kusa da filo ba, sai in tsaya in ja shi da hira a bakin gadon har ya tuna.

Aka yi girbi, aka ɗaure dawa, masu cewa a yi musu haƙuri zuwa kaka suka fara shigowa, wasu da kuɗi, wasu da buhu. A ƙarshen watan aka biya Sista, aka biya mai gida haya, aka sayi mai, aka cike ɗakin magani, Auta bai taɓa aljihunsa ba. Abin da ya yi saura ba zai sayi buhun siminti ba, amma saura ne. Na sa babbar rigar da na fara aiki da ita, na shiga ofishinsa, na ƙi zama, na karanta masa sakamakon a tsaye kamar ranar raba kyaututtuka.

Ya shafa fuska. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Shi ke nan, Yaya. Na zauna."

Na je na gaya wa Inna. Ta ajiye carbi. Sannan, karo na farko a iya tunanina, ta juyo daga bango ta dube ni a ido ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Na fita da sauri don kada ta ga fuskata. Sati guda ina tafiya a unguwa kamar wanda ya ci yaƙi, ina amsa gaisuwa da ɗaga hannu kawai.

Ranar wata Juma'a na je cin abinci gidan Auta, shi bai dawo daga masallaci ba. Matarsa ta kawo mini tuwo da miyar kuka, ta durƙusa tana zuba mini man shanu. Na ce mata, cikin tawali'un da ya dace, ta gode wa Allah, da yanzu tana can tana koyon Larabci.

"Wane Larabci, Yaya?" ta ce, tana rufe kwano. "Ai tun kafin ruwan farko masu kai likitoci Saudiyya suka ce masa sun ɗauki wani."